Takarda ta Goma Sha Ɗaya

Yaya aka yi mutumin da aka yi shekara talatin ana ɓuya in an ji ƙarar babur ɗinsa ya tara jama'ar da ƙofar gidanmu ta kasa ɗauka? Na tambayi kaina ranar da aka kai shi makwancinsa, na sake tambaya ranar uku da ranar bakwai. Yau ga ni wata na biyu cikin takaba, ban sami amsa ba.

Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Ɗiyata ta tsakiya, wadda ke koyarwa, ita ke rubuta abin da nake faɗi. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye alƙalamin ta jira ni.

Maigidana masinjan kotu ne a nan Bagudo. Aikinsa kai wa mutane takardar shari'a har inda suke. Ba aiki ne da ke jawo wa mutum ƙauna ba. Akwai garuruwan da in ya shiga, mata ke cewa maza duk sun tafi gona, ko da tsakiyar rani ne. Shi ya sa na zaci 'yan'uwa da maƙwabta ne kawai za su zo gaisuwa. Sai ga mutane daga Kaoje, daga Illo, har daga Kamba, waɗanda ban taɓa gani ba.

Wani tsohon Bafillace ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin da nake zaune, ya ce, “Inna, ni ne na rumbu.” Nan take na gane shi, don maigida ya sha ba mu labarinsa. Shekarun baya tsohon ya hango babur, ya faɗa cikin rumbun gero ya ja murfi. Maigida ya zo ya zauna a gindin rumbun, ya cire takalmi, ya ce, “Baffa, ni a inuwa nake, kai ne cikin zafi. Bari in karanta maka daga nan.” Ya karanta wa rumbu takarda tun daga sama har ƙasa, yana juya ta da Hausa. Ashe shaida kawai ake son ya je ya bayar a kan wata saniya. Tsohon ya fito jiƙe da zufa, ƙaiƙayi har cikin gemu. A ranar gaisuwa ya fara ba matan da ke ɗakin labarin yana dariya, bai kai ƙarshe ba ya rufe fuska da rawani ya fita.

Wata mata kuma mai sayar da busasshen kifi ta zo daga hanyar Kamba. Hausarta a cakuɗe take da Dendi, amma na ji ta sarai. Ta ce lokacin shari'ar gadon mahaifinsu 'yan'uwanta maza sun ce wa maigida ya ba su takardarta, ai ta yi aure nesa, ba ta da ta cewa. Ya ce musu sunanta na cikin takarda. Kwana biyu ya yi yana tambaya kasuwa kasuwa har ya same ta. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ba don shi ba, da ban san ana raba gonar ubana ba.”

Haka yake. Duk wanda sunansa ke cikin shari'a, sai an ba shi tasa takardar a hannunsa, ya dangwala yatsa a wata takarda daban wadda ke shaida ya karɓa. Bayan haka masinja ya je kotu ya rantse cewa ya bayar. In mutum ɗaya ya rage, alƙalai ba za su saurari kowa ba, sai su ɗaga zama. Wasu masu irin aikinsa kan bar wa mai gari, ko su miƙa wa duk wanda suka tarar a zaure. Shi ba ya yi. Kuma ba ya shan ruwan gidan da ya je sai ya faɗi abin da ya kawo shi, don kada a ce ya shigo da fuskar baƙo. Takardun nan da Turanci suke, mutanenmu ba sa ji. Ba a ɗora masa karanta wa kowa ba, amma bai taɓa karɓar yatsan mutum ba sai ya fassara masa, da Hausa ko Dendi ko ɗan Fillancin da ya tsinta a hanya. Jakarsa ta fata ce, a ciki akwai leda ninki uku saboda shiga kwalekwale, da ɗan akwatin tawada mai murfin ƙarfe. Ba ya kiran sunana, Ta Kurgu yake ce mini, don can aka haife ni.

A Kurgun nan abin ya faro. Muna da fadama ta shinkafa, gida goma sha ɗaya ke noma ta tun kakanni, har da gidan mahaifina, wanda yayana ya gada. Wata shekara wata ma'aikatar gwamnati ta zo ta kafa turaku a fadamar, ta ce za a yi aiki a wurin. Yaya mutum ne mai zafin zuciya, ya bi turakun ya tumɓuke su ya zuba a ruwa. Aka fitar da sammaci. Maigida ne ya kai masa, a ƙofar gidan mahaifinmu, gaban jama'a. Yaya ya yi mako biyu a tsare. Da ya fito ya rantse ba zai ƙara taɓa takardar hukuma ba, ba zai ƙara amsa gaisuwar mijina ba. Ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Benin, wajen dangin matarsa a ƙasar Segbana.

Kafin ya tafi sun riga sun shigar da ƙara su goma sha ɗaya. Shari'a ta ja, daga baya suka yi nasara. Ba a gama murna ba gwamnati ta ɗaukaka ƙara, aka ce kada kowa ya taɓa fadamar sai kotun gaba ta zauna. Damina uku ciyawa ce ke cin wurin. A shekarar da maigida zai ajiye aiki aka sa ranar zama, aka aiko masa da ƙunshin takardu goma sha ɗaya daga Birnin Kebbi. Saura kwana arba'in. In an rasa wannan rana, lauyansu ya ce sai wata shekara.

Cikin mako guda ya ba mutum goma nasu. Saura ta Yaya. Na tambaye shi me zai hana ya hau babur ya kai masa, ai tafiyar wuni ce. Ya ce takardar nan ba ta da ƙarfi bayan iyaka, kuma neman izinin kai ta wata ƙasa sai ya cinye watanni. Dole Yaya ya tako wannan ɓangaren da ƙafarsa. An aika masa sau biyu, ya ce a gaya wa masinja ya jiƙa ta ya sha.

Wata rana bayan la'asar mutanen Kurgu suka zo su biyar, ɗan baffana ne a gaba. Ina tsakar gida ina jin su daga zaure.

Ɗan baffana ya ce, “Malam, yatsa ai yatsa ne. Alƙalan can sun san zanen hannun Yaya? Kowa cikinmu na iya dangwalawa.”

Maigida ya ce, “Su ba su san shi ba. Ni na san shi.”

“To ga ƙanwarsa a cikin gida, jininsu guda. Sa ta ta yi.”

“Jininsu guda, amma ba sunanta anka rubuta ba.”

Wani daga cikinsu ya ce, “Kai albashi kake ci, shi ya sa. Mu fadama muke ci.” Suka tashi ba sallama.

Washegari matar ɗan baffan nawa ta zo wurina. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta zauna a bakin murhu ta ce su da ke aika wa mutane shinkafa kowace kaka, yanzu tiya tiya suke aunowa, kuma 'ya'yanta maza biyu sun ce in aka sake ɗagawa za su bar garin. Sannan ta dubi hannuna.

Wannan da zan faɗa ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba sai yau. Ranar Juma'a, da maigida ya tafi masallaci, na buɗe jakarsa. Ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga. Na sami takardar da ke da yatsu goma a jere da fili ɗaya a ƙasa. Shekara talatin ina ganin yadda ake yi. Na buɗe akwatin tawada, na danna babban yatsana, na danna a filin. Na goge hannuna da toka da lemun tsami har fata ta yi ja. Zuciyata ta ce mini taimako na yi: in ya buɗe ya ga an cika, zai yi shiru ya kai.

Da safe yana shirya jaka, sai na ji ya ce, “Ta Kurgu, zo.” Takardar na kan gwiwarsa. “Miƙo hannunki na dama.”

Akwai tabo a babban yatsana, wuƙar gyaran kifi ce ta yanke ni tun ina amarya. A kan takardar tabon ya fito fari, ya raba tawadar gida biyu. Ya dubi yatsan, ya dubi takardar.

“Mi kinka yi?”

Na ce, “Ciki ɗaya muka fito da shi.”

“Kin san bayan wannan Alƙur'ani zan dafa in ce na ba shi a hannunsa? In aka kayar da su can, Yaya ya rasa gonar ubanku bai ji ba bai gani ba, wa ya cuce shi? Gwamnati, ko ni da ke?”

Da na yi shiru da ya fi. Amma na ce masa takarda ya aura, ba ni ba. Na ce shi ya kai yayana kurkuku, yanzu kuma zai kori sauran dangina da yunwa. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa gaya masa irin wannan ba. Ya ninke takardar, ya fita. Da ya dawo da yamma na ga ɗan ƙaramin kwaɗo a bakin jakar. Mari bai kai wannan kwaɗon ciwo ba.

Ya tafi Birnin Kebbi ya gaya wa magatakarda gaskiya, cewa a gidansa aka ɓata takardar, laifinsa ne da ya bar jaka a buɗe. Bai ambaci sunana ba. Mutumin sa'an ɗansa ne, ya yi masa faɗa a gaban ma'aikata, maigida ya tsaya ya shanye. Aka ba shi sabuwa, fara fat. Yatsu goman nan duk sai an sake su. Ga ruwa ya cika, hanyar Kurgu ta yanke, sai kwalekwale. Wasu sun watse neman aikin gona har wajen Kaoje. Ɗan baffana sau biyu yana cewa a ce ba ya nan. Maigida ya bi su ɗaya ɗaya cikin ruwan sama, kowa ya sake karanta masa daga farko kamar bai taɓa ji ba. A nan tari ya kama shi.

Da ya gama da su ya koma zaman kasuwar Tsamiya, wadda ke bakin iyaka, inda mutanen Benin ke shigowa cin kasuwa. Kasuwa uku yana zuwa ya zauna a rumfar wani tela, jaka a kan cinya, yana duban hanya tun safe har a watse. Yaya ya ji labari, sai ya riƙa aiko matarsa ta yi masa cefane. Ta wuce ta gaban maigida, ya gaishe ta, ya tambayi yara, bai nuna mata takarda ba.

Na ce masa zan je da kaina. Ya yi tari ya huta, sannan ya ce, “Je ki gai da ɗan'uwanki. Amma kada ki yi masa ƙarya don ya zo. Kada ki ce wani ya mutu, kada ki ce wani na ciwo.”

Na hau kabu-kabu na tsallaka. Na sami Yaya a gonar auduga ta surukansa, yana noma wa wasu, shi da ke da fadama. Ya tsufa ƙwarai. Muka zauna gindin wata ɗorawa.

Ya ce, “Masinja ya aiko ki?”

Na ce a'a. Na ba shi labarin abin da na yi ranar Juma'a. Ya yi dariya har da buga cinya. “Ke? Kinka zama ni?” Sai dariyar ta tsaya. “Ya ƙi yatsanki?”

“Ya ƙi.”

“Ko da ba mai sani?”

“Ya ce ba za a ci gonarka a bayan idonka ba.”

Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Ya ce, “Mako biyu na kwana kusa da bokitin fitsari. A gaban ƙofar ubanmu ya kira sunana. Da wani ne ya kawo da ban ji zafi haka ba.”

Na ce, “Da wani ne, da da 'yan sanda zai zo.”

Ya miƙe ya ɗauki fartanya. “Gai da gida. Ba ni zuwa.”

Na dawo hannu wofi. Ban faɗa masa mijina na tari ba, don an hana ni.

Saura kwana tara maigida ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. A asibiti suka ce ƙirji ne ya cika da ruwa, suka ba da magani, bayan kwana uku ya matsa a mayar da shi gida. Ya aika kotu a turo wani ya karɓi takardar, aka ce mai zuwa na hanya. Jakar na gefen matashinsa. Ba ya iya zama sai an jingina shi.

Saura kwana huɗu, da hantsi, ina dama masa kunu, na ji sallama a zaure. Muryar Yaya ce, wadda ta yi shekara biyar ba ta shiga gidan nan ba. Masu kabu-kabu ne suka kai masa labarin ciwon. Na kai shi ɗaki. Yaya ya durƙusa a bakin gado ya ce, “Sannu, Malam. Ya jiki?”

“Da sauƙi, Yaya. Kun zo lafiya? Ya yara?”

Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Ni idona na kan jakar. Hannu kawai zai miƙa, shi ke nan, gida goma sha ɗaya sun tsira. Yaya ma ya ga jakar. Maigida bai taɓa ta ba.

Ya ce, “Yaya, dubiya ta kawo ka. Ba na ba mai dubiya takarda. Ka gaishe ni, na gode, Allah shi saka. In za ka koma, hanya a buɗe take, ba wanda zai tare ka. In kuma kana son takardarka, fita ka sake sallama.”

Na ji kamar in yi ihu. Yaya ya dube shi ya ce, “Har yanzu kana nan da taurin kanka.”

“A gidanku na koyo.”

Yaya ya tashi ya fita. Na ji takunsa har zaure, na ji ya wuce zaure. Na leƙa ta katanga, na gan shi tsaye kusa da mai babur ɗin da ya kawo shi, wanda bai ma kashe inji ba. Ban san tsawon lokacin da ya yi a wurin ba. Kunun da na bari a wuta ya kama. Daga ɗaki ba na jin komai sai numfashin maigida, mai ƙara kamar ana jan tabarma. Sai na ji injin ya mutu.

“Salamu alaikum. Masinjan kotu na nan?”

Maigida ya ce in jingina shi sosai, in sa masa hularsa. Ya ciro mabuɗi daga aljihu, hannunsa ya kasa kama bakin kwaɗon, na riƙe masa jakar har ya buɗe. Ya kira cikakken sunan Yaya da na mahaifinmu, ya tambaye shi ko shi ne. Yaya ya ce shi ne. Ya fara karantawa yana fassarawa, layi biyu sai tari, layi biyu sai tari. Yaya ya ce ya isa haka, ya yarda. Maigida ya ce bai isa ba. Ya gaya masa wanda ya ɗaukaka ƙara, da abin da suke nema, da ranar zama, da cewa yana da ikon zuwa da bakinsa ko ya bar wa lauya. Sai da ya kai ƙarshe ya miƙa masa da hannu biyu. Yaya ya karɓa, ya dangwala yatsa a filin ƙarshe. Maigida ya rubuta rana, ya sa hannu, ya rufe ido yana haki.

Da yamma abokin aikinsa ya iso tare da ma'aikacin da ke karɓar rantsuwa, suka yi abin da ya rage a bakin gado, da kai ya amsa musu. An zauna a ranar da aka sa, su goma sha ɗaya cif, Yaya na cikinsu. Hukunci har yanzu muna jira, ban san yadda zai faɗo ba. Maigida bai ji ko ɗaya ba. Washegarin ranar takardar, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na gaya masa, don ban sami bakin neman gafara ba. Kullum ina cewa sai ya warke.

Tun daga hantsin nan bai ƙara yi mini magana ba. Na shiga madafa na dawo da kwano, na tarar harshe ya yi nauyi, ido kawai yake bin mu da shi. Abin da ya rage mini shi ne wanda ya faɗa kafin in fita, Yaya na zaune a ƙasa yana goga yatsansa a gefen riga tawadar ta ƙi fita. Ya buɗe ido ya dube ni ya ce:

“Ta Kurgu, samo wa Yaya sabulu, wannan ba ta fita da ruwa kawai. Sannan ki zubo mana tuwo a kwano ɗaya.”